Lambar Tagullar Ƙanwata

Ƙanwata ta koyi judo ne a wani tsohon aji a Bagama, a kan buhunan dusar katako da aka lulluɓe da tamfol. Kocinsu tsohon ɗan sanda ne, mutumin Filato, da ya yi ritaya ya zauna a Suleja. Ni nake kai ta a mashin ɗina.

Shekarar da aka zaɓe ta zuwa gasar ƙasashen Afirka, mun sha zarya gidan wani ɗan siyasar yankinmu ko zai taimaka mata da kayan wasa. Kullum maigadi ya ce oga yana Abuja. Ƙarshe koci ne ya ba ta farar rigarsa, tela ya rage mata.

Ta dawo da lambar tagulla, kafaɗarta naɗe da bandeji. Washegari sai ga mota a ƙofar gidanmu, wai oga na son ganin 'yarsa. 'Yarsa!

Muka tarar da rumfa da masu ɗaukar hoto. Oga ya karɓi lasifika ya ce shi ya ɗauki nauyin yarinyar nan tun tana ƙarama, har ga shi ta zama zakarar karate. Ko sunan wasan bai sani ba. Koci kuwa yana can baya cikin rana, ba wanda ya ba shi kujera. Na yunƙura zan yi magana, ƙanwata ta damƙe hannuna.

"Yaya, don Allah ka bari."

Da taro ya watse, wani na hannun daman oga ya zare lambar daga wuyanta, wai za a nuna wa manya a dawo da ita. Shiru har damina ta wuce.

Ran nan ta ce in kai ta gidan oga. Ta zauna daram a bakin get.

Maigadi ya ce, "'Yata, ki tafi, oga ba ya nan."

Ta ce, "Baba, ba wurinsa na zo ba. Kayana na zo karɓa."

Sai da 'yan acaɓa suka fara taruwa suna tambayar me ya faru, sannan aka miƙo lambar a baƙar leda. An cire ƙyallen da aka rataya mata ita da shi a wurin gasar, an ɗaura wani mai launin jam'iyyarsu.

Ta ari reza a shagon da ke kallon gidan, ta yanke shi, ta bar musu shi nan a ƙasa. Muka hau mashin. Muka kama hanyar gida.