Lissafin da na yi wa babban yatsana

Jini na gani a bakin zanen da nake dajewa, sannan na gane allura ta shiga babban yatsana na hagu. Ban ji komai ba. Na taɓa shi, sanyi ƙalau, ya yi fari kamar ɓararren rogo.

Da gajeren kan yatsa aka haife ni, mai faɗi, farcen ɗan mitsitsi. A lakwal, makarantar boko, "kan ƙadangare" ake ce masa. Da likitocin ƙashi suka zo Yamai, kawuna ya kai ni. Suka yanke ƙashin, suka kafa masa ƙarfe mai ɗan noti, suka ce in murɗa kaɗan sau ɗaya kullum, sabon ƙashi zai riƙa cike gurbin.

To, ni mai burebe ce, takardar gama ƙaramar sakandare. Na zauna a garinmu Gidan Amumune na buga lissafi: in murɗa ɗaya kwana talatin ne, murɗa uku kwana goma ke nan, in sha lallen Sallah da yatsa irin na mutane. Kwana huɗu ina yi, ina yaba wa kaina.

Da na ga jinin nan, na fito tsakar gida ina kuka. "Inna, yatsan ya mutu!"

Mahaifiyata ta duba, na faɗa mata abin da na yi. Ta ce, "Ke ko tuwo kin taɓa ganin an ninka masa wuta ya nuna da wuri? Ƙonewa yake yi, malamar lissafi!"

Kabu-kabu ya kai mu Mayahi, hannuna a sama kamar mai son ba da amsa a aji. Daga nan mota zuwa asibitin Maradi. Duk hanya ina ta yi wa yatsan alkawari: ka dawo ko a gajerenka, wallahi ba ni ƙara ɓoye ka cikin hijabi.

Likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya maida notin baya, ya ce mu jira. Bayan la'asar ya tsikare ni da allura. Na yi ƙara har Inna ta zabura.

"Madalla," in ji shi. "Jijiya kika ja, ba ta tsinke ba. Ba za a yanke ba."

Inna ta miƙa hannu. "Likita, ni za ka koya wa murɗawar. Ni ban yi lakwal ba, ɗaya na sani."