Wasiƙar Bum

Kakata ta wajen uwa ba ta yi boko ba. Shekara arba'in ta yi tana ɗinki a bakin tagar ɗakinta, da keken hannu da gwangwanin maɓallai, kuma da keken nan ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar kakanmu. A cikin gwangwanin na tarar da wasiƙar nan, duk ta tsattsage a wajen ninki.

Autanta, kawuna magini, shi ya aiko ta daga birnin da ya tafi neman aiki. Mahaifiyata ce ta karanta mata: "Inna, bum ya tashi a garin nan. Ko'ina haƙa ake yi, ko hutu ba ma samu."

Kaka ta ji bam. Haƙan kuma ta ɗauka na kaburbura ne. Ta rufe keke da tsumma, ta yafa mayafi, ta ce tasha za ta, sai ta ɗauko ɗanta tun yana da sauran numfashi.

A ƙofar gida ta yi kiciɓis da maƙwabcinta, malamin makaranta. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau.

"Inna, bum ya rubuta, ba bam ba."

"Malam, ni duk ƙara ɗaya na ji."

"Kin kusa gaskiya. Asalinsa a Turanci kwaikwayon ƙara ne, kamar mu ce dum. Daga baya suka laƙaba shi ga lokacin da kasuwa ta buɗe farat ɗaya, aiki ya yi yawa, gine-gine suna ta tsirowa."

"To haƙan fa?"

"Na harsashi ne."

"Ka ji ko? Har da harsashi."

"Na gini, Inna. Tushen gida."

Mahaifiyata ta ce a nan Kaka ta zauna a dakali. Ta daɗe tana hamdala, sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Wato yaron nan lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya yi masa yawa. Su kuma Turawa sun rasa sunan da za su sa wa arziki sai na firgita tsofaffi."

Ta koma ɗaki ta buɗe kekenta. Da kawu ya zo gida bayan wata huɗu, sai da ta murɗe masa kunne kafin ta amsa gaisuwarsa.

Har ta rasu, duk ranar da ɗinki ya taru mata a kan tabarma, sai ta leƙo ta taga ta ce da mu, "Kada wanda ya dame ni, yau bum ya tashi."