Hambali Mai Inji da Robar Gidan Malam

Duk wanda ya san Lakwaya ya san Hambali mai inji, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a kan injin niƙa, ƙara ta cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma sai an matso. Shi ya sa bai iya magana a hankali ba. In ya gaishe ka a bakin masallaci, na ƙarshen layi ma sai ya amsa.

Asalinsu masu shanu ne. Yana ɗan shekara goma ciwon huhu ya shiga garken mahaifinsa, ya bar musu saniya biyu da maraƙi, tsohon ya haƙura ya kama fartanya. Hambali dai noma bai karɓe shi ba. Ya tafi Gwarzo ya koyi gyaran inji, ya dawo da wani tsohon inji da ya harhaɗa da hannunsa, ya kafa rumfa. A nan ya auri Marka, a nan ya aurar da 'ya'ya uku. Gemunsa kullum fari fat da gari, har ba a san ranar da furfura ta shigo ba.

Shekarar da hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mutanen gari suka kafa rumbun jama'a, ɗaki guda a jikin makarantar Islamiyya. Manoma kan kawo dami bayan girbi, har da na Masanawa ta ƙasar Kabo, waɗanda Jibirin direba yake ɗauko wa kaya kyauta. Matan Islamiyya, da shugabarsu Hajiya Ummu Hani, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya, su suke kai abinci cikin sutura. Hambali nasa niƙa ne, duk Alhamis ba ya karɓar ko sisi a kan hatsin rumbu. Mabuɗin ɗakin kuwa yana hannun Malam Ja'afaru, shugaban makarantar, don babu wanda aka fi yarda da shi.

A damina ta biyu, tsakiyar watan Agusta, Hambali ya lura da wani abu. Mai inji ya san robar kowane gida. Ta gidan Malam shuɗiya ce, an ɗinke bakinta da waya, kullum da hantsi takan zo da dawa kwano biyu. Sai ta koma zuwa da ɗaya, sai rabi. Daga nan kwana huɗu ba ta zo ba.

Ya tambayi Marka. Ta matso ta sa bakinta a kunnensa mai ji.

"Matarsa ta roƙe ni kar in faɗa. Rama suke dafawa da ƙuli-ƙuli. Ka san bara ruwa ya cinye masa gona."

Hambali ya san in ya yi maganar a cikin gari, ya yi shela ke nan. Sai ya kashe inji, ya bi Malam har gona. Ya same shi a duƙe yana noma, jikinsa duk ya zube. Suka gaisa, aka tambayi iyali da ruwa da gajiya.

"Malam, robarka ta daina zuwa."

"Hambali, rage murya."

"Ai ba kowa sai gero. Ga abinci a ɗaki, mabuɗi a aljihunka, yara suna kwana da rama?"

Malam ya dogara da ƙotar fartanya. "Don yana aljihuna ne ba zan taɓa ba. Amana ce. Ranar da aka ji mai mabuɗi ya ɗibar wa kansa, wa zai ƙara kawo dami?"

Hambali ya yi masa sallama ya juya. Ya dawo gida, aka kawo masa tuwo ya kasa ci. Ya ce wa Marka ta je ta gaya wa Hajiya Ummu Hani, tunda ita Marka ta iya raɗa.

Hajiya ta riƙe baki. "Kullum muna wuce ƙofar gidan nan da buhu!" Ta ja carbi, sannan ta ce, "Gaskiya Malam ya faɗa, mai mabuɗi ba ya ci. To sai a karɓi mabuɗin."

Ranar Juma'a da aka zauna taron rumbu, ta aiko da shawara cewa mabuɗi ya riƙa zagayawa wata-wata, tunda mutanen Masanawa suna kawo hatsi amma ba su taɓa riƙe shi ba. Kowa ya ce wannan adalci ne. Aka ba Musbahu, wani manomi na can da ke biyo motar Jibirin duk Alhamis da ranar taro. Malam ya zaro mabuɗin ya miƙa, sannan ya juyo ya zuba wa Hambali ido. Hambali ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, kamar wanda ko kalma ɗaya bai ji ba.

Da la'asar mata biyu suka shiga gidan Malam da dawa da wake. Hambali ya kwana da fargaba, yana tsoron kar a dawo da kayan, kar kuma Malam ya daina yi masa magana.

Washegari da hantsi yana cikin ɗaura bel ɗin inji sai ya ga inuwar mutum. Malam Ja'afaru ne da kansa, riƙe da shuɗiyar roba cike da dawa. Ya ajiye ta a layi, bayan ta mutane.

"A niƙa da laushi," ya ce, "akwai ƙananan yara."

"Alhamdu lillahi!" in ji Hambali, har kajin da ke tsince-tsince a bakin rumfa suka watse. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce gari ne ya shigar masa.

Bayan sati guda Hajiya ta sa shi ya hau motar Jibirin, ya zagaya wajen masu inji na Madadi da Masanawa. Biyu sun ce su ba ruwansu da leƙa cikin gidan mutane. Sauran suka yarda: in robar wani gida ta yi kwana uku ba ta zo ba, mai inji zai gaya wa matarsa, ita kuma ta kai wa matan Islamiyya. Kafin sabon gero ya nuna, ta wannan hanya aka gano gida shida, biyu daga ciki na tsofaffi ne da 'ya'yansu suka tafi ci-rani.