Sunan da Lawali Mai Kunne bai rubuta ba

Shekara talatin ke nan, a cikin wannan watan, da Jibo mai gyaran rediyo ya hawo biro ɗinmu, ofishin gwamnati da ke unguwar Filato a Yamai, da hantsi. Ina kan mashin ɗin rubutu ina buga wata wasiƙa. Tun da nake aiki a wurin bai taɓa wuce bakin ƙofa ba, sai dai ya aiko gardi, mai tsaron ƙofa, ya kira ni. Ran nan sai ga shi tsaye gaban teburina, hularsa a hannu. Jibo Bazabarme ne, maigidana Bagobiri, saboda haka ni ma ban taɓa tsira daga wasansu ba. Kullum ya gan ni sai ya ce, "Matar bawana, me aka dafa wa sarki yau?" Ran nan bai ce haka ba. Ya ce, "Madam, kala suuru." Ya sake faɗa da Hausa, "Sai haƙuri." Motar da maigidana ya shiga ta kife a hanyar Tawa. Na tuna sai da na ƙarasa layin da nake bugawa kafin na miƙe. Har yau ban san dalili ba.

Duk zamanmu ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Malam nake ce masa. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana neman sunayen mutane bai kamata a tuna da shi babu suna ba. Sunansa Lawali. A kasuwa Lawali Mai Kunne ake ce masa. Yana da ɗan teburin sayar da kaset jikin rumfar Jibo, a Yamai, a shekarun fari da mulkin soja.

Ga wanda bai riski zamanin ba, sai na ɗan yi bayani. Kaset ɗin da muke saye ba daga wani kamfani suke fitowa ba. Wani zai je biki ko wasa da rediyo-kaset ɗinsa ya ɗauki waƙa, wani ya ara ya kwafa, na uku ya kwafa daga kwafin, har murya ta fara dusashewa. Masu kwafin suna da wata ɗabi'a. Mawaƙanmu kan fara da gaisuwa, su faɗi sunansu da na garinsu da na maigidan da ya kira su. Wannan gaisuwar ita masu kwafi ke fara yankewa don zaren ya isa. In kuma wuri ya rage a ƙarshen fas B, wato gefe na biyu na kaset, sai su cike da duk waƙar da ke kusa, su rubuta sunan babban mawaƙi ɗaya a kan kaset ɗin gaba ɗaya, don shi jama'a suka sani. Ta haka mutum zai rera waƙa a ƙauyensu, ta zagaye ƙasa, shi kuwa ko labari ba ya da shi, ana yaba wa wani.

Wannan abin yana ci wa Malam rai fiye da yadda nake ganewa a lokacin. Ba mai dogon karatu ba ne, aji huɗu ya yi a lakwal, makarantar boko. Amma in ya sa kaset ya karkata kai, ba waƙar kaɗai yake saurare ba. Yana jin abin da ke bayanta: harshen matan da ke guɗa, yadda 'yan amshi ke karɓa, ko makaɗi bahago ne. Sai ya sa alƙalamin bik a ramin kaset ya mayar da zaren baya da hannu don kar ya cinye pil, wato batir, ya sake saurare. In abin ya gagare shi, yana da dabara ɗaya. Ranar Juma'a, idan an sauko daga masallaci, sai ya ɗora rediyon a kan teburi ya ƙure murya, ya zauna yana kallon fuskokin masu wucewa. Ya ce mini wanda waƙa ta yi wa daɗi yakan rage tafiya, amma wanda ya tsaya cak, to ɗan garin mawaƙin ne. A shekarun fari Yamai ta cika da mutanen ko'ina, daga Adar, daga Damargu, daga bayan Damagaram. Da wuya Juma'a ta wuce ba wanda ya tsaya. Sai Malam ya miƙa masa kujera da ruwan sanyi, ya tambaye shi.

Nawa aikin shi ne kati. In ya tabbatar da suna sai ya kawo mini gida a rubuce a bayan kwalin sukari, ni kuma in buga a tsohon mashin ɗina: sunan waƙa, sunan mawaƙi, garinsu. Layi uku. Ya yanke da almakashi ya saka a cikin kwalin kaset. Jibo kan ce, "Kai Bagobiri, wa ya naɗa ka alƙalin matattu? Mutane kiɗa suka zo saye." Malam ya ce, "Kai dai gyara rediyon da ka lalata tun Sallah."

A shekarar da yunwa ta fi tsanani, wata waƙa ta ɓulla a ƙarshen fas B na wani kaset. Mutum ɗaya ne da gurumi, babu 'yan amshi. Yana ba da labarin jar dawar taimako da ake kawowa a kamiyo, manyan motocin kaya, da yadda tiyar awo ke ƙanƙancewa tsakanin bakin mota da hannun mai karɓa. Bai zagi kowa ba, bai kama sunan kowa ba. Yana faɗin sunayen shanunsa da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran su su sha ruwa. Na ga mata a kartiyenmu, wato unguwarmu, suna kuka a kanta. Sunan da ke jikin kaset ɗin na wani tsohon mai gurumi ne da kowa ya sani, wanda ya rasu tun kafin farin. Jama'a suka ce ai tsohon waliyyi ne, ya hango abin da ke zuwa.

Malam ya saurara sau ɗaya ya ce ba shi ba ne. Tsohon bai taɓa waƙa ba amshi ba. Kuma wannan gurumin ba na ƙwarya ba ne, ƙarar gwangwani yake yi. Can baya kuma ana jin wata mata tana kiran ɗiyarta da Zabarmanci, alhali tsohon bai taɓa taka yammacin ƙasar nan ba. "A garin nan aka ɗauke ta," in ji shi. "Mutumin yana nan cikinmu."

Juma'a uku yana sa ta. Abin da ya faru a ta uku Jibo ne ya ba ni labari, don a gabansa aka yi. Wani ɗan ga-ruwa, dogo, ramamme, ya zo wucewa da garwa biyu a sanda. Ya tsaya har ruwan ya daina motsi. Ya sauke garwar a hankali, ya matso ya ce, "Malam, wa ke waƙar nan?" Malam ya karanta masa sunan tsohon. Mutumin ya ce, "Allah ya jiƙansa. A bar masa." Ya ɗauki ruwansa ya tafi. Malam ya bar wa Jibo teburin, ya bi shi a baya.

Ya same shi a bayan gari, inda masu gudun yunwa suka kafa bukkokin tabarma da buhu. Wurin duk gonakin hatsi ne a lokacin. Yanzu shi ne unguwar Banifandu, ko kusa da nan, benaye da butik na 'yan kasuwa ko'ina, ni kaina ba zan iya nuna daidai wurin ba. Ya ga gurumin rataye, gwangwanin madara ne aka ja wa fata. Mutumin makiyayi ne, ba mawaƙin sana'a ba. Ya yi waƙar ne wa maƙwabtansa, bai ma lura wani ya ajiye rediyo a gefe ba. Ya faɗa wa Malam sunansa da na ƙauyensu, sannan ya riƙe hannunsa ya ce kada ya rubuta, kada ya faɗa wa kowa, ko matar da ke ɗakinsa, sai ranar da shi da bakinsa ya ce a faɗa. Yana da 'ya'ya a bukkar. A zamanin nan magana kan abincin taimako ba abin wasa ba ce. Ko a biro, in za mu yi ta, sai mun duba ƙofa.

Da Malam ya dawo ya miƙo mini kwalin sukari da layi ɗaya kawai, sunan da ya ba waƙar. Na ce, "Malam, ina sauran?" Ya ce, "Buga wannan, ki bar wurin." Na ji haushi. Na ce ko ya fara ɓoye mini abu ne. Ya ce, "Ke ma'aikaciyar gwamnati ce. Abin da ba ki sani ba, ko an tambaye ki ba ki yi ƙarya ba."

Ba a yi wata ba sai ga wasu mutum biyu cikin farin kaya a teburinsa. Sun san sunan da ake kiransa da shi. Ɗaya ya ce, "An ce kai ne mai kunne. Wa ya yi waƙar nan?" Malam ya juya kaset ya nuna masa rubutun masu kwafi. Mutumin ya ce, "Wannan ya mutu tun kafin a fara rabon dawa." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke ba ni mamaki ke nan ni ma." Jibo ya ce dole ya cusa kansa cikin wata rediyo don kar dariya ta tona shi. Ba abin dariya ya biyo baya ba. Sun kwashe kaset ɗin duka, suka tafi da Malam, ya kwana biyu a hannunsu. Ya dawo bai taɓa ba ni labarin kwana biyun ba, ni ma ban tambaya ba. Kaset ɗaya ya tsira, wanda ke gida cikin akwatin zannuwana, da katinsa.

Na daɗe ina tunanin wannan. Mutumin da ke iya ɓata rana guda yana gardama don an ba wani waƙar wani, shi ne ya tsaya gaban hukuma ya jingina waƙa ga wanda ya san ba shi ya yi ta ba. Bai taɓa jin daɗin haka ba. Yakan ce ya zalunci mutum biyu, ya ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba, ya hana mai rai abin da ya faɗa.

Da ruwa ya dawo, mutanen bukkokin suka watse, makiyayin ma ya koma arewa. Shekaru suka wuce, soja suka sauka, bakin kowa ya buɗe, jaridu suka cika gari. Na ce wa Malam to yanzu ai sai ya faɗa. Ya ce alkawarin ba da gwamnati ya yi shi ba. Sau biyu yana zuwa bayan Tawa nemansa. Na farko aka ce ƙauyen ya tashi, na biyu aka ce ya bi dabbobin wani zuwa mashekari. A karo na uku wani direba ya kawo masa labari cewa an gan shi a wata kasuwar dabbobi. Da safen da zai tafi na sake gwada sa'ata. Ya yi dariya ya ce, "Ki dai ɗaura sabon ruban na tawada a mashin, kar sunan ya fito dishi-dishi." Na saya, na ɗaura. Kwana biyu bayan haka Jibo ya hawo biro. A hanyar zuwa motar ta kife, bai kai ba.

Yau babu mai sayen kaset. Teburin Malam wani mai sayar da kayan waya ne a wurin, Jibo ma ya rasu. Amma waƙar ba ta mutu ba. Bara ina cikin taksi zuwa unguwar Darussalam wajen ɗiyata, sai na ji ta tana fitowa daga wayar direba, da ƙarar gwangwanin, da matar nan mai kiran ɗiyarta. Ya nuna mini fuskar wayar, ga hoton tsohon mai gurumi, ga sunansa. Na ce, "Ɗana, ba shi ya yi ta ba." Ya ce, "To wa ya yi ta, Hajiya?" Na ce ban sani ba. Ya dube ni ta madubi da tausayi, ya ƙara murya.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da wannan zamanin. Ina jin zai so shi da farko, ganin ba pil, ba zaren da ke tsinkewa. Sannan zai ga cewa kuskuren da a da yake ɗaukar shekara kafin ya kai Damagaram yanzu kafin la'asar ya isa ko'ina. Kuma ban san fuskar wa zai kalla ran Juma'a ba, tunda kowa da abin saurarensa a toshe cikin kunne.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya bari ƙananan katuna ne masu layi uku, warwatse a gidajen mutane. Har yanzu wani lokaci nakan haɗu da wanda zai ce a kaset ɗin Lawali ya fara ganin sunan kakansa a rubuce. Ni wannan ya ishe ni gado.

Abin da na sani game da makiyayin kaɗan ne: dogo ne, daga bayan Tawa, ya yi ga-ruwa a Yamai a shekarar jar dawa, guruminsa na gwangwanin madara ne. In yana raye ya tsufa ƙwarai. In ya rasu, wataƙila a wani gida akwai wanda ya san sunayen shanun nan tun kafin ya ji su a waya. Ko wannan ɗin ne ya kawo mini sunan, sai ya ce a rubuta kafin in rubuta, don haka alkawarin yake.

Kaset ɗin yana cikin akwatina. Ruban ɗin ya bushe a jikin mashin tuntuni. Katin yana da sunan waƙa a layi na farko, na biyu da na uku ban buga su ba.