Mangwaron Kaka da Famfon Auduga

Kowa a gidanmu ya yi wa mangwaron nan mummunar fahimta. Baba ya ce tsutsa ce ke cin sa. Kaka, mahaifiyarsa, ta ce bakin mutane ne, har ta rataya masa tsohon takalmi a reshe. Ni kuwa ina aji huɗu a sakandare a Malumfashi, na san funfuna ce, danginta ɗaya da wadda ke kama tuwon da ya kwana uku. Malamin aikin gona ya nuna mana ita a ganye. Amma wa ke sauraron yarinya?

Kakana, mijin Kaka, shi ne ya dasa shi a bayan gida, ta wajen fadama, shekarar da aka yi masa baftisma. Ina ƙarama, in ya yi huda, nakan kwanta a cinyar Kaka ina leƙen sama ta tsakanin ganye. Ƙudan zuma na ta guna kamar mawaƙan wata coci mai nisa, furanni na sauko mana a ka, ni ban yi barci ba, ban kuma farka ba. Kaka takan yi hira da itacen a hankali, kamar mijinta na zaune a can sama yana jin ta.

Sai shekara uku a jere huda ta yi baƙi ta zube. 'Ya'yan da suka tsira suka fito da ɗigo-ɗigon baƙi, su ruɓe tun ba su nuna ba.

Mu mutanen auduga ne. A wurin Baba duk ciwon shuka tsutsa ce, maganinsa kuma ɗaya. Ya goya famfon feshi, ya yi wa itacen wanka da maganin auduga. Washegari ƙasa ta cika da gawar ƙudan zuma, baƙin kuwa yana nan daram. Ita ma Kaka, don ƙauna, kullum sai ta share ganyen da ya zube da ruɓaɓɓun 'ya'ya ta tara a gindinsa, wai abincinsa ne. Ciwon take mayar masa.

Da na dawo hutun Ista na tarar Baba na wasa gatari.

"Ranar kasuwar Bakori masu sara za su zo," in ji shi. "Itacen da ba ya haihuwa, murhu ke jiran sa."

Kaka kuwa tafin hannunta kawai ta ɗora a jikin itacen.

Na ce, "Baba, ba tsutsa ba ce. Rassa sun cushe, iska ba ta ratsawa, raɓa na wuni a ciki. A rage su, a ƙone wannan tsibin, a nemo shuɗin maganin funfuna wurin malaman gona a Funtua. Ka ba ni shekara ɗaya."

"Ji 'yar boko! Wa zai hau ya rage?"

"Ni."

Kaka ta zabura. "Ke, marar kunya! In mace ta hau itace, ya daina haihuwa ke nan."

Na ce, "Tsohuwa, ai ya riga ya daina."

Baba ya yi dariya har gatarin ya suɓuce masa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kasuwar Bakori kuwa saura kwana biyu. Na tsaya ina kallon duhun rassan, ina jin kamar gunan nan na dā yana can ciki yana jira. Na yanke shawara ba zan jira bakin kowa ba. Gobe kafin raɓa ta bushe zan cinna wa tsibin Kaka wuta, in ɗaura zani a ƙugu, in hau da adda. Takalmin dai zan bar mata shi a reshensa.