Jakar da Ba Ta Samu Sawu Ba

Usmanu abokina ne tun muna yara a unguwar Anbariyya, a Madina. Ya rasu a shekarar 2006, muka kai shi Baƙi'a bayan la'asar. Har yau idan na bi ta gaban shagonsa sai na rage tafiya, kamar zai ɗago kai daga keken ɗinki ya tsokane ni.

Kakansa da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Damagaram, da jakar fata a baya. Usmanu ya taso yana facin tantuna, sai a farkon shekarun casa'in ya buɗe ɗan shagonsa. Yana ɗinka jakunkunan goyo na tamfol, da tanti marar nauyi, da ɗamarar da masu cire zuma ke ɗaurawa a ƙugu in za su sauka gefen dutse. Alamarsa sawun ƙafa ce da jan zare, don tunawa da kakan nan. Matarsa Hajo ce ke ɗinka ta da hannu. Tun daga Badar har Yanbu, Larabawan da ba su jin ko "sannu" sun iya cewa "Sawu".

Yana da ka'ida ɗaya. Duk sabon samfurin da ya yanka, ba a sa masa sawu sai ya goya shi da kansa ya hau dutsen Fikra. Ni ke kai shi a motata. Zai cika jakar da dabino da ruwa ya kama hanya, ni kuwa in zauna a ƙasa ina dafa shayi.

"Abdou, taso mana, ko tumbin nan ya ragu!"

"Wanda ya ɗinka shi zai hau. Ni direba ne."

In ya sauko ya ce ta cije shi a kafaɗa, to a daren nan Hajo ba ta taɓa allura. Zai farke ɗinkin ya sake.

Ɗansa Saif injiniya ne a Yanbu. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa. Ya taɓa kawo shawara a ba wata masana'anta a waje su riƙa ɗinkawa da yawa, a buga musu sawun. Usmanu ya ce, "Ya waladi, sawun wa za su buga? Wa ya taka?" Saif ya ce khalas, wato shi ke nan, bai sake tayar da maganar ba, zuwansa shagon ma ya ragu.

Sai ciwon sukari ya ci ƙafarsa ta hagu. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa. Da ya dawo bai daina ɗinki ba, aka sa wa keken nasa injin lantarki. A zaune ya yanka wata sabuwar jaka, mai faɗin maɗauri, wadda ya ce ita ce ya daɗe yana nema. Ya gama ta, ya rataye a ƙusa. Masu zuma suka yi ta tambaya, yana cewa ba ta nuna ba.

Na ce masa, "Ba ni in hau da ita."

Ya yi dariya har da tari. "Kai da ko benen gidanku sai ka huta? Ka bari. Saif zai zo."

Ya sa aka kira shi a waya. Saif ya ce in sha Allahu bayan an gama gyaran matatar man da yake aiki. Aka gama, wani aikin ya taso. Usmanu bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai kullum da safe yana kakkaɓe ƙurar jakar da gefen shimaginsa, mayafin nan da yake sawa a ka. A haka ajali ya same shi.

Bayan an watse daga zaman makoki, Saif ya zo ƙofata da jakar a hannu. Ya ce, "Ammi Abdou, kai ni." Ban da "Ammi", wato baffa, da Hausa ya faɗa, a karye. Muka tafi. Ya cika ta da dabino da ruwa kamar yadda ya ga uban yana yi, ya goya ta ya hau Fikra. Na ɗora shayi, na kasa sha.

Da muka dawo, Hajo na zaune a tsakar gida cikin takaba, ta riga ta zura jan zare a allura. Ta ce, "Yaya ta yi?"

Saif ya tsaya. Na san da ya ce lafiya, a take za ta ɗinka sawun. Sai ya janye wuyan rigarsa, ya nuna mata inda maɗaurin hagu ya goge masa fata.

"Tana cizo, Ummi. Kaɗan."

Hajo ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Da yana nan, da ya farke ya sake." Ta zare zaren daga allurar, ta naɗe shi a yatsa.

Babu wanda ya iya gyaran a cikinmu. Saif ya mayar da jakar kan ƙusarta, muka ja ƙofar shagon. Allah ya jiƙan Usmanu, ya sa ya taka Aljanna da ƙafafunsa biyu.