Gogen da Ba a Fasa Ba

Mu ba mu da murhu a unguwar Mount Hope, can ƙasar Turawa, sai hita, na'urar ɗumama ɗaki, mai ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. A gefenta Hajiya Kaka, mahaifiyar babana, take shimfiɗa darduma bayan magariba, mu uku mu kewaye ta. Daga Kano aka ɗauko ta don ta riƙe mu, tunda Baba yana tuƙin tasi, Mama kuma tana aikin jinya. Tatsuniya kam ta iya ta. Sai dai Kaka ba ta yin tatsuniya a banza, kowace da wanda aka ɗana wa.

Tawa ta zo ina shekara tara, ranar da makaranta ta ba ni aron gogen Turawa, wato bayolin. Kaka ta dubi akwatin kamar na shigo da mushe.

"Goge? A gidan ɗana? Kaf zuriyarmu babu maroƙi, Bilki, kuma ba a kanki za a fara ba."

Da yamma ta ce ga ta nan, ƙannena suka amsa, ni na amsa da Turanci don haushi. Wai wata yarinya ce ta tsinci goge a gindin tsamiya. Da ta ja shi, duk gari ya fito rawa, har tsofaffi masu sanda. Amma da aka sauke tuwo, kowa ya janye kwanonsa. A nan Kaka take rera waƙar yarinyar: "Na yi kiɗa kun taka, wa zai ci tuwo da ni?" Kullum haka, har yarinyar ta rame, ta ɗauki dutse ta fasa gogen, sannan uwarta ta buɗe mata ƙofa. Ƙurunƙus, idon Kaka a kaina.

Sati guda tana maimaita ta. Ƙannena suka laƙaba mini Maroƙiya. Baba, da ba ya iya musu da uwarsa, ya mayar wa makaranta bayolin ɗin da hannunsa. Na koma koyo a ɓoye, lokacin da 'yan ajinmu suke cin abinci. Ba zan ɓoye ba, na tsani tatsuniyar nan, na tsani mai yin ta. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa muryarta ce. Matar da take zagin makaɗa, ban taɓa jin wanda ya kai ta iya rera waƙa ba.

Yau rubuta kiɗa ce sana'ata. Bara wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa, mutum goma sha huɗu, ta nemi in rubuta mata sabon kiɗa. Wata biyu ina gaban takarda, in rubuta in yage, don waƙar Kaka ce kawai take zuwa mini. Da na ga babu sarki sai Allah, na rubuta ta. Na ba mai bayolin ɗaya muryar yarinyar, sauran su yi rawar gari, sannan su riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya har ta rage ita kaɗai. Ranar gwaji suka yi ta da laushi kamar ana lallashin jariri. Na tsayar da su, na ce wannan habaici ne, su ja shi kamar suna gaya wa wani magana.

Bayan an yi wasan, na hau jirgin ƙasa na layin D na kai wa Kaka ta ji a wayata. Ta tsufa, ido ya tafi, kunne dai garau. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi.

"Waƙata ce kika kai wa Turawa?"

"Ita ce, Kaka."

"To ina ƙarshen? Ban ji ta fasa gogen ba."

"Ba ta fasa ba."

Ta juya fuska bango. "Tashi ki tafi, zan yi salla."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin barazana kawai. Yanzu na gane Kaka ba ƙarya ta yi mini ba, abin da zai same ni ta faɗa tun da wuri, kuma ita da kanta ta tsaya sai da ya tabbata. Har yau in an yi suna, dangi cewa suke yi wa baƙi ni malamar makaranta ce. Ranar da na kai mata kiɗan ma an sauke tuwo a gidan, babu wanda ya ce in zauna. Na tsaya a wani gidan abinci a titin Fordham Road na ci shinkafa ni kaɗai, na koma ɗakina na buɗe sabuwar takarda.